Hantar Ragon Baba Umaru

Ranar Babbar Sallah Baba Umaru ba ya sa komai a baki sai hantar ragon layyarsa ta iso. Haka yake tun kafin ya bar Gusau ya zauna a unguwar Mansur a ƙasa mai tsarki, kuma ciwon suga bai sa ya canza ba. 'Yarsa Rahama ce mai gasa masa ita: gishiri, yaji, shi ke nan.

Bana sai aka aiki Abdulwasi'u, mijin yayarta, ya ɗauko naman daga mayanka. Shi Abdulwasi'u a wani shagon fiza, burodin nan na Turawa mai cuku, yake aiki a Jidda, mai shagon ya taɓa zama Landan. Wannan ita ce duk Ingilar da Abdulwasi'u ya sani, amma ta ishe shi magana.

Rahama ta zazzage ledoji, ta juya cinya, ta ɗaga haƙarƙari. Babu hanta.

"Yaya, ina hantar Baba?"

"Tana cikin tanda. Fizar Sallah nake masa."

"Fizar me?"

"Ke ba ki waye ba. A Ingila kowane biki da fizarsa. Kirsimeti talotalo suke ɗorawa, da jam a kai."

"Jam ɗin burodi?"

"Zaƙi da nama, ai shi ne ci gaba. Mutanen da ke cin wake da safe a kan burodi, ke za ki koya musu abinci?"

"Mu ma muna cin ful da tamis da safe, ai wake da burodi ne, ba wanda ya ce mun ci gaba."

Daga falo Baba ya yi gyaran murya. Rana ta take, hannunsa ya fara rawa a kan carbi. Rahama ta kai masa dabino, ya kau da kai.

"Hanta," ya ce.

Aka fito da ita a faranti. An yanka hantar kamar wata da taurari, an jera dabino a gefe, cuku ya malale ko'ina, ga jam ja yana ƙyalli. Abdulwasi'u ya ce kowa ya dakata, ya ɗauki hoto daga sama, ya sake ɗauka daga gefe.

Baba ya daɗe yana kallon farantin.

"Ragona ne wannan?"

"Shi ne, Baba. Yadda Turawa ke yi."

"Rahama, kawo ruwa a kofi."

Ta kawo. Ya tsinci tauraro ɗaya, ya ɓare cukun da farce, ya tsoma a ruwa ya wanke tas, ya dangwali yaji, ya yi bisimilla. Ya tauna a hankali. Ya tsinci na biyu. Haka ya bi su har watan, rawar hannun ta tsaya.

"Baba, burodin fa? A nan daɗin yake," in ji Abdulwasi'u.

"Cikin layya akwai kason maƙwabta. A kai wa Iyatu."

Iyatu mai ƙosai ba ta taɓa mayar da farantin kowa wayam ba. Kafin la'asar farantin ya dawo, fizar na nan yadda take, da ƙosai a gefe.

Baba ya kalli surukinsa. "Baɗi da ni za a je mayanka. Kai ka riƙe ƙafafu."