Tutar Jirgin Binuwai

Malam Manasseh ya dawo daga gona da hantsi ya tarar da ɗakinsa fes, har ƙarƙashin gado an share. Tsohon akwatinsa na ƙarfe kuwa yana buɗe, wayam.

A ciki yake ajiye tutar mahaifinsa, wanda ya yi shekara goma sha tara yana aiki a jirgin ruwan da ke hawo Binuwai har Lau yana kwasar gyaɗa. Da jirgin zai daina zuwa, kyaftin ya sauke tutar ya danƙa masa. Shuɗiya ce mai farin tauraro, duk ta koɗe. Wani Bature mai tara kayan tarihi ya taɓa zuwa har gidansu a Mayo Gwoi yana neman sayenta, mahaifin ya ce ko kusa.

"Godiya! Ina ƙyallen da ke cikin akwatin nan?"

Matar ɗansa ta fito da tsintsiya a hannu. Watanta biyu a gidan, ba wanda ya taɓa ba ta labarin.

"Baba, tsummokaran? Tun jiya na kai wa Kadijatu tela a unguwar Turaki, ta yayyanka ta cusa mana a filo."

Da takalmin gona ya tare keke napep, yana ta ce wa direban ya ƙara wuta.

Yana shiga shagon ya ga filo uku a jere, ga guntayen yadi zube a ƙasa. Ya gane wuyan tsohuwar rigarsa a ciki. Ya dafa ƙofa.

"Baba, lafiya?" in ji Kadijatu, ta tsayar da keken ɗinki.

"'Yata, shuɗin nan mai tauraro. Kin yanka?"

Ta miƙa hannu saman kanta ta sauko da shi, a ninke cikin leda.

"Wallahi har na ɗora almakashi. Sai na ga igiya a gefensa, na ga ɗinkin hannu ne, sau biyu aka bi kowane layi. Na ce wannan ba tsumma ba ne, bari mai shi ya zo tukuna."

Manasseh ya zauna a benci, ya warware tutar a kan cinyarsa yana shafa ta. Ramukan asu biyun nan da ya sani ne kawai, ba abin da ya ƙaru. Ya yi ajiyar zuciya, sai ga dariya ta kuɓuce masa, har da hawaye.

"Useko, na gode, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Ba ni ruwa in sha."

Da ya sha, ya ciro waya ya kira Godiya. Tana ɗauka ta fashe da kuka tana ba da haƙuri.

"Share hawayenki, tana hannuna. Laifina ne da ban gaya miki ba. Ki ɗora abinci, yau za ki ji wane ne kakan mijinki."