Injin da Ke Ƙirga Haske

Kai ka hana a kai ubanka Kano. Kai, ɗan farina, ba wani ba.

Tun farkon damina Malam yake tari, yana dafe ƙirji a bakin gona. Ma'aikacin asibitin ƙauyenmu ya ce a kai shi birni a ɗauki hoton ƙirjin. Har an yi magana da mai mota a Makoda, sai ka bugo wa ƙanwarka Asama'u waya daga Abuja, inda kake gyaran injinan asibiti, ka ce a dakata. Wai injin ɗaukar hoton na birnin tsohon yayi ne, haske yake sheƙa wa mutum kamar ruwan bokiti, hoton ya fito dishi-dishi. Wai akwai sabo da za a kawo wurin aikinku, mai ƙirga hasken ƙwaya-ƙwaya, ko ciwon bai kai ƙwayar gero ba sai ya gano shi. Ka ce da kaka za ka zo ka ɗauke shi da kanka.

Raina bai kwanta ba. Amma ɗan fari ne kai, tun da na haife ka ban kira sunanka ba, balle in tsaya musu da kai. Asama'u ta miƙo mini wayar, na kau da kai, na ce ta faɗa maka tarin ya fara zuwa da jini. Ka ce saura kaɗan.

Malam ya ce, "Yaron ya fi mu sani. A jira shi."

Muka jira. Aka cire gyaɗa, aka yanke gero, injin bai zo ba, kai ma haka. Sai ranar jana'izarsa ka zo, ka karɓi gaisuwa a zaure, ka koma.

Yanzu ina takaba. Asama'u ta koma ɗakinta. Daga ni sai buzunsa da butarsa, sai akuyar da ke kuka da la'asar, lokacin da ya saba kawo mata harawa. Na san kwana ne ya ƙare, kada wanda ya yi mini wannan wa'azin. Amma ko dishi-dishin aka ɗauka, ai da mun san abin da ke cin sa.

Ni ba na fita, don haka kai za ka zo. Abdulkabir. Ga shi na faɗa, kunya ta ƙare. Ka zo ka zauna a kan buzun nan, ka dube ni, ka gaya mini dalilin da ya sa ka ce a jira.