Banɗakin da Ya Kalli Gabas

Malam Abbo ya tattare babbar rigarsa a cinya, ya zauna a kan murfin sabon masai na zama, a hankali, kamar baƙo a kujerar mutane. So yake ya ji ko tsayin zai yi wa mahaifiyarsa daidai. Tsayi kam ya yi. Yana ɗaga kai sai ranar hantsi ta shigo ta 'yar tagar da ke gabansa ta doke shi a ido, ya hango mangwaron tsakar gida, bishiyar da yake fuskanta duk ranar da ya shimfiɗa buzu zai yi nafila.

Ya miƙe kamar wanda kunama ta harba. Masai ya kalli alƙibla.

Ga yadda abin ya faro. Da damina Dada Asta, tsohuwarsa, ta zame a kan dutsen masan bayan gida, ƙugu ya goce, aka kwantar da ita a asibiti. Margaret, maƙwabciyarsu da ke aikin jinya a can, ita ta gaya wa Abbo gaskiya ba kwana-kwana: tsohuwa ba za ta ƙara tsuguno ba, in kuma ta sake faɗuwa, ita da tafiya sai dai labari. Shi ya sa ya fasa bangon ɗakin ajiya da ke jikin ɗakinta, ya ce a mayar da shi banɗaki.

To, tun da aka ba mu jiha, Jalingo ta zama babban birni, duk wanda ya taɓa riƙe cokalin gini ya wayi gari ɗan kwangila. Na kirkin suna can wajen gidajen gwamnati. Abin da ya rage wa Abbo shi ne Ɗantani, wanda suke sahu ɗaya a masallacin Kachalla Sembe, mutum mai daɗin baki da wankakkiyar hula. Ya ce aikin mako ne. Damina ta wuce, aka girbe masara, aka ci. Yau babu mai a gari, gobe motar siminti ta lalace a hanyar Numan, jibi gwaggonsa ta rasu. Ita wannan gwaggo, Hajaratu matar Abbo ta rantse sau biyu aka yi mata gaisuwar mutuwarta. Ƙofar da ya kafa sai an ɗaga ta da kafaɗa take rufuwa. Duk Abbo ya haɗiye. Amma wannan ba abin haɗiyewa ba ne, gobe kuma za a sallamo Dada.

Hajaratu ta leƙo da muciya a hannu, ta dubi masai, ta dubi taga, ta gane ba tare da an faɗa mata ba. Ta ce ai ta ji wani malami yana cewa a cikin gini akwai sassauci.

"Je ki gaya wa Dada haka," in ji Abbo. "Matar da ko yawu ba ta tofarwa gabas. Tana ganin wannan za ta ɗauki butarta ta koma kan dutsen nan."

Hajaratu ba ta yi musu ba, don ta san surukarta.

Abbo ya buga babur ɗinsa Vesfa. Bai sami Ɗantani a gida ba, bai same shi a bakin kogin Mayo Gwoi inda masu tifa ke lodin yashi ba. A unguwar Sarkin Dawaki ya tarar da shi, a inuwar wani kangon gini, yana shan fura yana yi wa wani ma'aikaci alkawarin aikin mako. Da ya ga Abbo, sai ya durƙusa har ƙasa, gaisuwa ta Fulatanci da ta Hausa duk ya jero, ya tambayi jikin Dada, ya tambayi gajiya. Abbo ya amsa a gajarce, ya ce ya hau nasa babur ya shige gaba. Bai yarda Ɗantani ya biyo bayansa ba, don an taɓa yin haka, Ɗantani ya ɓace a kwanar kasuwa.

A banɗakin Abbo bai yi faɗa ba. Ya ce masa kawai ya zauna. Ɗantani ya zauna yana murmushi, yana shafa farin tangaran.

"Ina kake kallo?"

"Taga, Kawu."

"In an kira azahar yanzu, ina za ka kalla?"

Murmushin ya tsaya a inda yake. Ɗantani ya sauka a hankali, ya gyara hula. Ya ce shi bango ya bi, bango ne ya karkace tun asali. Ya ce a gidajen gwamnati haka ake kafawa ba mai tambaya. Da ya ga fuskar Abbo ba ta motsa ba, sai ya koma wata hanya: juyawa abu ne mai yiwuwa, tunda bututun ta ƙasa ya bi, amma fa sai an fasa daɓen duka da guduma, tangaran kuma ba ya son guduma, zai tsage, irinsa kuwa sai an aika Yola. A ba shi mako biyu.

 Abbo ya san makon Ɗantani. Ya hango Dada da sanda da buta tana lallaɓawa bayan gida, shi kuma yana tsaye ba yadda zai yi, don bai taɓa ce mata kar ta yi ba tun da aka haife shi.

"Ba wata dabara?" ya tambaya, muryarsa ta sauka.

Jin haka Ɗantani ya sami ƙarfi. Ya ce Kawu bai san irin aikin da aka yi masa ba ne. Simintin da ya zuba a gindin nan, gada ma iyakarta ke nan. Ko bijimi aka ɗaura wa igiya ba zai gusar da shi ba.

"Duba nan, Kawu."

Ya sa tafin ƙafa a gefen masai ya tura, don a gani.

Masai ya yi wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen ganye, ya juya gefe, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Daga gindinsa yashi ya zubo, jan yashin Mayo Gwoi, da ɗan toka-tokan siminti a kai kamar an barbaɗa gishiri a miya.

 Hajaratu ce ta fara dariya, daga bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi kafaɗunta na rawa. Ta tafi ta dawo da tsintsiya, ta share gadar Ɗantani tas ta zuba a kwandon shara. Abbo ya so ya riƙe fuskarsa, gemunsa ya ƙi ba shi haɗin kai.

"Ashe bijimin bai zo ba," ya ce.

Ɗantani ya buɗe baki zai kawo zancen damshi, ya fasa. Ya ce bari ya je ya ɗauko kayan aiki, yanzu-yanzu zai dawo. Ya laluba aljihu, ya leƙa jikin babur, babu makulli. Hajaratu ta riga ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta ce kayan aikinsa ai suna nan bayan rumbu inda ya yar da su tun kafin girbi, tuwo kuma yana kan wuta, ba mai fita da yunwa.

Abbo ya sa aka kawo masa kujera 'yar tsuguno, ya dasa ta a ƙofar banɗaki. Shi ya yanka bakin buhun siminti da wuƙarsa, shi ya ce a ƙara, a ƙara, har kwaɓin ya yi duhu ya yi nauyi. Aka juya masai ya ba gabas kafaɗa, ya kalli kudu. Abbo ya fita ya tsaya gindin mangwaro, ya dawo ya zauna ya gwada, ya sake fita, sannan ya yarda a liƙe. Da aka kira azahar tare suka tafi masallaci, tare suka dawo, Abbo na riƙe da hannun rigarsa kamar masoya. Kafin la'asar har ƙofar an kankare mata ƙasa, tana rufuwa da ɗan yatsa.

Washegari da hantsi Margaret ta rako Dada Asta a tasi. Ɗantani ma ya zo karɓar makullinsa, don Hajaratu ta ce sai siminti ya kwana ta gani. Tsohuwa ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba, ta ce a kai ta ta ga abin da ake ta faɗa. Ta tsaya a ƙofa tana dogara sanda. Ta dubi taga, ta dubi inda rana take, ta nuna gabas da sandar, ta bi da ita har kan masai. 

"Boɗɗum," ta ce da Fulatanci. Ya yi kyau.

Ta tambayi wanda ya yi aikin. Aka turo Ɗantani gaba. Ta ce maginan yanzu ba ruwansu da gabas, amma wannan yaro an ga ya sami tarbiyya, ya san abin da ya kamata tun ba a gaya masa ba. Ta sa masa albarka doguwa, shi kuwa ya tara hannu biyu ya karɓe ta duka, ya shafa har wuya.

"Abbo, ba ka ce amin ba."

"Amin, Dada."

"Rufin ɗakina yana yoyo. Kar ka ba kowa sai shi."

Abbo ya dubi Ɗantani, ya dubi rufin. Ya ce to. Sannan ya juya wajen Hajaratu, wadda ta fara kwance bakin zaninta, ya ce mata ƙasa-ƙasa ta bar makullin inda yake, ta fito masa da kujerar nan.