Ɗigon da Ya Ƙi Hawa Layi

Malamar lissafi ce a jami'a, kuma asibiti ya ba ta aikin da ta daɗe tana mafarki. Waɗanda ƙwayoyin cuta suka shiga wa gaɓa suna shan magani, ana ɗibar jininsu ana aunawa, ita kuma ta haɗa lissafin da zai nuna ko maganin yana isa gaɓar yadda ya kamata. Sakamakon kan zo mata babu suna, sai lamba. A kwamfutarta kowane majinyaci ɗigo ne, kuma ɗigogin sun jeru a kan layinta gwanin sha'awa, ban da wani mai taurin kai da ya zauna can ƙasa.

"Kuskuren ɗakin gwaji ne," ta ce a ranta, ta goge shi. Ta aika wa likita cewa maganin ya wadatar, a ci gaba yadda ake yi.

Mahaifinta tela ne, mai keken ƙafa, kuma shi ma yana cikin masu jinyar tun da gwiwarsa ta dama ta kumbura ta tara mugunya. Tsoho da raki! Wai ƙwayar maganin tana ƙona masa ciki. Sai ta ɓullo da dabara: kullum kafin ta fita, ta dama masa madara mai kauri a babban kofi, ya haɗiye ƙwayar da ita.

"Uwata, ke kaɗai ke tausayina a gidan nan," yakan ce yana share gemu. "Da na miƙe, ke zan fara yi wa ɗinki."

Bai miƙe ba. Gwiwar ta sake kumbura, ta yi zafi kamar dutsen guga, aka mayar da shi asibiti. Likita ya kira ta waje, suka tsaya kusa da keken tura marasa lafiya.

"Malama, akwai sakamako ɗaya da muka aiko miki, ban gan shi a zanenki ba."

"Na cire shi. Ya kauce da yawa."

"Na Baba ne. Maganin ba ya shiga jininsa sosai. Da me yake shan sa?"

Da ƙyar ta ce, "Da madara."

Likita ya runtse ido. "Wannan ƙwayar ba ta jituwa da madara. Madarar riƙe ta take yi a hanji, rabi ma ba ya wucewa. Gobe za mu shiga mu wanke gaɓar, amma gaskiya ba na jin za ta sake lanƙwasuwa kamar da."

Ta jingina da bango, kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Lissafinta ya san nauyin majinyaci, ya san shekarunsa da ƙarfin ƙodarsa, amma bai san da kofi ba. Ɗigon nan ya yi ta faɗa mata gaskiya, ita kuwa ta goge shi don layinta ya yi kyau.

Suka koma ciki. Tsohon yana kwance, ƙafarsa ta hagu tana motsi ƙarƙashin mayafi, sama da ƙasa, kamar yana taka keken ɗinkinsa.

"Likita, kada ka ga laifin kowa," ya ce. "Wallahi an kula da ni. Ka ga uwata nan? Ko sau ɗaya ba ta bari na sha maganin nan da ruwa ba."