Tagar Ɓawon Kawa

Tun da hoton gidansu ya fara yawo a wayoyin mutane, Ermelinda ba ta ƙara shan shayin safe cikin natsuwa ba. Tsohon gida ne mai fenti ruwan ɗorawa a wani lungu na birnin Panjim da ke bakin teku. Tagarsa ta gaba ba gilashi ba ce, ɓawon kawa ne, wata halittar teku mai kama da katantanwa, da kakanta ya kankare ya jera cikin katako, hasken da ke ratsa shi fari tas kamar madara. Mai gyaran irin tagar na ƙarshe a unguwar ya rasu, don haka duk ɓawon da ya fashe ya tafi ke nan.

Baƙin da ke zuwa ɗaukar hoto kuwa ba sa tsayawa a kallo. Sai sun jingina, sai sun ƙwanƙwasa da farce su ji ko roba ce.

"Yaya, kai ne fa kake kawo su," ta ce wa Caetano, wanta, yana goge babur ɗinsa na acaba a tsakar gida. "Jiya da idona na ga ka sauke wata mai hular kaba."

"To ina zan kai su? Sun ce tsohon gidan zamanin mulkin Turawan Fotugis suke so. In kai su wajen tsohuwar makwabciyarmu Dona Assunta su ɗauki hoton wawulonta?"

"Gwiwar hannun mai hular nan ta tsaga mini ɓawo."

"Ke ba ki da baki ne? Fita ki yi musu tas mana, sarauniyar kunya."

Ya san ba za ta iya ba. Sau ɗaya ta taɓa buɗe ƙofa da niyyar faɗa, sai wani ya miƙa mata wayarsa ya ce ta ɗauke shi da matarsa. Ta ɗauke su, har ta ce sun yi kyau. Ta koma ciki ta wuni tana tsaki.

Damina ta kusa, lokacin da kowane gida ke shanya kifi mai gishiri da barkono kafin teku ta hana jiragen kamun kifi fita. Nata yana bayan gida ƙarƙashin raga, warinsa har ya kori ƙudan makwabta zuwa wajenta. Tana juya shi ne dabara ta faɗo mata. Ta zare igiya, ta soke kifayen, ta ɗaura su daga wannan kusurwar taga zuwa waccan.

Da hantsi wasu ango da amarya suka iso da mai ɗaukar hotonsu. Amaryar ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce ita wallahi ba za ta tsaya nan ba. Ermelinda tana laɓe bayan labule, ta ciji yatsa don kada dariya ta fito.

Bayan abincin rana unguwar ta rufe ƙofofi kamar kullum, kowa ya kwanta. Ita ma ta kwanta, barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Ragar tana can bayan gida inda ta bar ta.

Ƙarar fashewa ce ta tashe ta. Ta fito ba takalmi. Kuliyoyin unguwar ne gaba ɗaya suka taru, wata ƙatuwa ta dira daga rufi ta kama igiyar, nauyinta ya maka ta a jikin tagar. Ɓawon ya zube a ƙasa, tsakiyar tagar ya zama rami. Can gefe wasu samari sun ɗaga waya suna ɗauka suna ƙyalƙyala dariya.

"Anti, kifin naki ne? Ki sake rataya wani mana, ba mu samu farkon ba!"

Ta durƙusa tana tsince gutsattsarin cikin gefen zaninta, suna ƙara ruguzowa a yatsunta.

Da Caetano ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallon ramin. Bai tsokane ta ba. Ya ɗauko sukuddireba, suka kwance abin da ya rage na tagar, suka naɗe shi da tsohon bargo suka tura ƙarƙashin gado. Ya buga falanki a gurbin.

"In na ji labarin mai gyara a garin Margao, zan kai ta," ya ce.

"Babu," ta ce.

Washegari wata mota ta tsaya, wani ya leƙo yana tambaya ko nan ne gidan mai tagar nan.

"Ba nan ba ne, ku yi gaba," in ji Caetano.

Ermelinda tana jin su daga falo. Rana tsaka ce, amma sai da ta kunna fitila kafin ta ga ramin allura.