Batirin da Umma Ta Ɗumama

Ni mai ɗaukar hoto ce, kuma fuskokin da ke jibge a kwamfutar shagona sun fi ƙarfin ƙirga. Akwai 'yan makaranta masu giɓi, akwai direbobi masu neman lasisi da suke murtuke mini fuska kamar ni na tare su a hanya, akwai jarirai da ba su san wainar da ake toyawa ba. Amma Umma, wadda ta haife ni, ba ni da hotonta ko ɗaya tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Na da suna nan a cikin akwati, sai dai waccan wata matashiya ce da ban gama sani ba. Ni wannan Umman nake so, mai furfura, mai faɗa, wadda nake yanke wa farce.

Ba don ban gwada ba. Ciwon ya karkata mata baki, ya runtse mata ido ɗaya, tun daga nan ta kafa doka: duk hoton da aka ɗauke ta, ita za ta fara gani. Sai ta miƙo hannunta mai lafiya ta ce, "Mu gani." Ta ƙura wa gilashin bayan kyamarar ido, ta ce, "Goge." Kuma ba ta yarda da ni. Sai na danna a gabanta ta ga ya ɓace. Yayana ya taɓa ɗaukarta a sace da waya tana barci a kujera. Da ta gano, gaba ta yi da shi har sai da ya zo ya durƙusa. Ni kuwa ba na son hoton sata. So nake ta kalle ni, ta san ina ɗauka.

Ranar da abin ya faru, da safe na je aiki wani kamfanin kifi. Suna son hotunan ɗakin sanyinsu don talla. Kai, ban taɓa shan sanyi irin na ranar ba! Yatsuna suka sandare, hancina ya daina jin kansa, ga manajan yana ta cewa in sake wannan, in ƙara wancan, kamar kifin zai canza fuska. Duk mai riƙe babbar kyamara ya san batir ba ya shiri da sanyi. Na farko ya mutu tun ban yi nisa ba. Na saka na biyu, na kashe abin da ke nuna hoto a gilashi bayan kowace ɗauka, domin gilashin nan shi ne babban ɓarawon wuta. Haka na lallaɓa na gama, alamar batir tana ƙifta mini ja.

Ina fitowa Yaya ya kira.

"Auta, kina ina? Sun matso da aikin Umma. Yau za a yi, da rana."

Dama tana kwance a asibiti ana jiran a yi mata aiki a zuciya, an ce mana sai wani makon. Likita bai ɓoye mana komai ba: a shekarunta, da jikinta, ana iya fitowa, ana iya rashin fitowa. Ban bi ta shago ba, ban tuna da caja ba, ban tuna da komai ba. Na tari mota da jakar a kafaɗa, ina ƙarnin kifi.

Na same ta a zaune a kan gado, an jingina ta da matashi, an saka mata rigar nan ta asibiti mai ɗauri ta baya. Na'urar sanyaya ɗakin tana ta hurowa kamar da gayya. Yaya ya sauka ƙasa wajen masu ɗibar jini. Umma ta yatsina hanci tun kafin in gama gaishe ta.

"Daga kogi kike?"

"Daga aiki, Umma."

"Allah ya shirye ki. Kyamarar na nan?"

Na ce tana nan. Ta kalli taga, ta kalli hannunta na hagu da ke kwance a cinyarta, sannan ta ce, kamar ruwan sha take nema, "To ɗauke ni."

Na zaci ban ji daidai ba. Sai da ta ce, "Ko sai na rubuto takarda?" sannan na hau kiciniyar zuge jaka. Ta sa na gyara mata ɗankwali, ta ce na karkata shi, na sake, ta ce yanzu kuma na mayar da ita kamar mai ciwon kai. Na yaye labule don hasken taga ya sauka a kanta. Na kunna, na kai kyamarar idona, na taɓa maɓalli. Ruwan tabarau na gaban kyamarar ya yi ɗan gurnani yana neman fuskarta, sai komai ya ɗauke ɗif.

Na kashe, na kunna. Shiru. Na ciro ɗayan batirin na saka, ko motsi bai yi ba. Abin haushin, irin wannan kyamarar ko babu wuta kana ganin mutum ta ƙaramar tagar da ake leƙawa, domin madubi ne kawai a ciki. Ga Umma nan tangararan a idona, ta miƙe wuya, ta shirya, tana jira, ni kuma riƙe da mataccen ƙarfe. Wallahi ji na yi kamar in rotsa shi da bango. Shekara da shekaru ina roƙon wannan zaman, ranar da aka ba ni kuma na ƙarar da wutata a kan kifi.

"Me ya faru?" in ji ta.

"Batir ya mutu." Na zaro wayata. "Bari in ɗauka da wannan, ita ma tana yi."

"Mayar da ita," ta ce da sauri. "Waya ba ta da kunya. Kafin ka ƙifta ido ta manna maka fuskarka."

Ban gane abin da take nufi ba a lokacin, na ɗauka rigimarta ce ta motsa. Nas ta leƙo ta ce nan da ɗan lokaci za a zo da gadon turawa, a cire ɗankunne da zobe. Na zauna a bakin gado na sunkuyar da kai. Ba na son ta ga hawayena, amma ina mutum zai ɓoye wa uwarsa?

"Kuka kuma? Tun ban mutu ba?" Ta miƙo hannu. "Kawo batirin."

Na ɗora mata a tafi. Ta juya shi, ta ce, "Ai ƙanƙara ce wannan. Ba mutuwa ya yi ba, sanyi yake ji."

Sai na tuna. Muna yara, idan batirin rediyon Baba ya yi sanyi ana tsakiyar labarai, Umma ce take cire shi ta murza a tsakanin tafukanta tana yi wa Baba tsiya, ta mayar, rediyon ya sake magana har a gama. Ni ma na san ɗumi yana ɗan farfaɗo da batir, kowane mai hoto ya sani, amma ruɗewa ta goge mini komai.

Ta yi ƙoƙarin ɗago hannun hagu don ta murza, bai taso ba. Na ga ta cije leɓe. Sannan ta ce, "Ara mini naki."

Na kifa tafina a kan nata, batirin yana tsakani. Hannuna sanyi ƙalau, nata kuwa da zafi, ko zazzaɓi ne ko haka yake tun asali, ban sani ba. Muka fara murzawa a hankali. Ta ce ina yi kamar mai tsoron kada ya cije ni. Na ƙara ƙarfi, ta ce to ba garin niƙa ta aike ni ba. Na yi dariya da majina a hanci. Rabona da in riƙe hannunta haka, ba don yankan farce ko ɗaga ta daga kujera ba, har na manta. Da hannunta ya gaji sai ta karɓe batirin ta cusa a hammata, ta matse, ta zauna tana harara ta kamar ni na sa ta.

A nan ne na ga dole in faɗa mata gaskiya, ko da za ta fasa.

"Umma, ko ya tashi, abin da zai bayar kaɗan ne. Ɗauka ɗaya, in an ci sa'a. Ba zai iya kunna gilashin ki gani ba."

Na jira ta ce to a bari. Ta daɗe tana kallona da idon nan nata mai lafiya.

"Auta, ke dai ba ki da wayo," ta ce a hankali. "In na gani ai cewa zan yi ki goge. Na san halina. Ki ɗauka kawai."

Ta zaro batirin ta miƙo mini, da ɗuminta a jikinsa. Na saka. Ban bar kyamarar ta nemi fuskarta da kanta ba, da yatsuna na juya ruwan tabarau ina leƙe, tun ba a kunne ba, har ƙwayar idonta ta fito sarai. Ba ta juya ɓarin da ya shanye zuwa bango ba kamar yadda ta saba. Ta fuskance ni gaba ɗaya. Na ji ƙarar ƙafafun gadon turawa a baranda. Na kunna, jar alamar ta ƙifta.

"Yi sauri mana, wuyana ya gaji," in ji ta, bakin yana shirin dariya.

Na danna. Na ji ƙarar nan da na ji sau ba adadi a rayuwata, ƙas, ɗan hasken da ke nuna ana ajiye hoto ya kama, ya mutu, kyamarar ta bi shi. Aka turo ƙofa, aka tafi da ita ɗakin aiki.

Ko hoton ya shiga, ko bai shiga ba, ban sani ba. Haka na zauna a bencin baranda da Yaya, kyamarar a cinyata, har rana ta yi sanyi. Ya ce ya je shago ya ɗauko mini caja, na ce a'a. Tsoro nake ji in duba. In babu komai a ciki, ban san yadda zan yi da sauran jiran ba.

Umma ta fito. Ta sha wuya, ta rame, ta yi kwanaki ba ta gane mu sosai, amma ta fito, kuma abin da ta fara yi da ta dawo hayyacinta shi ne faɗa da nas a kan matashi. Sai a ranar na saka batirin a caja.

Hoton yana nan. Ɗankwalin ya ɗan karkace, laifina ne. Bakin a karkace yake kamar kullum, idon hagu a runtse, tafin hannunta na dama yana buɗe a kan bargo kamar ba ta gama miƙo mini abin ba. Kallona take yi, irin kallon da take yi mini idan na yi shirme amma ba ta ji haushi ba. Na wanke shi babba, na saka a firam, na rataye a falona.

Har yau ba ta gan shi ba. Duk ranar da Yaya ya kawo ta gidana, tun daga bakin ƙofa take ɗaga murya, "Auta, yana nan?" In ce yana nan. Sai ta shigo da sandarta, kai a sunkuye, ta sa a juya mata kujera ta ba wa bangon baya. Matar Yaya ta taɓa cewa, "Haba Umma, ki duba mana, wallahi ya yi kyau." Umma ta ce ta kula da abin da ke gabanta.

Rannan muna zaune mu biyu ina yanke mata farce, hoton yana bayanta, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Kina kallonsa?"

"Kullum, Umma."

"Ni ce a ciki?"

"Ke ce."

Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini ɗayan hannun. "To kada ki kuskura ki nuna mini," ta ce. "Naki ne."