Tsinken Matar Lu

Dou Heng maƙerin zinariya ne a kasuwar yamma ta birnin Chang'an, bahago, mai baƙin rai da safe. Ba ya manta aikin hannunsa. Shi ya sa da matar Lu ta kwance ƙyalle ta ajiye ɓari biyu na tsinken gashi a gabansa, nan take ya gane ɗaya. Shi ya ƙera tsinken lokacin aurenta, mai ƙafa biyu da furen zaren zinariya a kai. Ranar da aka kwashi mijinta zuwa yaƙin iyaka suka raba shi kamar yadda ma'aurata ke yi, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya sai an sake haɗuwa. An daɗe ba labarinsa.

Ta ce wani soja ne ya kawo ɓarin mijin, ya ce ya rasu. Tana so a haɗa su kafin dangi su taru, ta sa fararen kaya ta shiga takaba.

Dou ya kai ɓarin bakin ƙofa wajen haske. Zaren furen hannun dama aka murɗa shi, shi kuwa duk garin an san nasa hagu yake bi. Ya ɗan kankare gindin da farce, sai ga jan tagulla a ƙarƙashin ruwan zinariya. Aikin 'yan jabu ne, irin wanda ake zubawa a tabarma a bakin hanya. Ransa ya ɓaci don an raina sana'a, sannan murna ta kama shi.

"'Yata, an yi miki ƙarya. Wannan ba na mijinki ba ne. Wataƙila yana nan da ransa."

Ba ta ɗago kai ba. Ta gyara bakin ƙyallen, ta sake gyarawa.

"Na sani, Baba Dou. Ni na saye shi."

Ta faɗi sauran a hankali, kamar mai ba da labarin maƙwabta. Surukarta ta tsufa a bakin ƙofa tana leƙen hanya, yanzu ko kunun gero ba ta sha sai an ce mata ɗanta yana tafe. Ba a kafa wa mijin allon suna a ɗakin kakanni ba, ba a ƙona masa turare, don ba wanda ya isa ya ce ya mutu. In ya mutu, ruhinsa na can yana yawo da yunwa. In yana raye, ya san hanyar gida.

Dou ya yi gunaguni cewa tagulla da zinariya ba sa shiri a wuta, kuma shi bai taɓa sa hannu a jabu ba. Tausayinta ya cika masa ciki, ya rasa inda zai sa idonsa.

"In ya dawo fa, da ɓarinsa a hannu?"

"Sai ka sake raba mana shi," in ji ta.

Ya tona gawayi, ya jawo zugazugi.